Littafin Aikin Filin Bakin Dam

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Da sunan Allah na buɗe wannan littafi. Ƙungiyarmu ta matasa ce ta ɗora mini rubuta duk abin da aka yi da duk kwabon da aka kashe a aikin filin bakin dam, don 'yan'uwanmu na Kano da Abuja da Legas da suka turo gudummawa su san inda kuɗinsu ya shiga.

Ga wanda bai san wurin ba, tsohon ramin kuza ne a bayan ƙauyenmu, cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi. Turawa suka haƙa, suka kwashe kuzar, suka bar rami da tsibin ƙasa kamar duwatsu. Ruwa ya cika ramin, shi ya sa mu nan dam muke ce masa. Irinsa sun cika Filato, daga Bukuru zuwa Bisichi har Gindin Akwati. Wurin shaƙatawar nan na Rayfield da mutanen Jos ke tururuwa ranar Sallah da Kirsimeti shi ma ramin kuza ne tun asali, kuma ganinsa ne ya sa muka ce me zai hana mu ma mu gyara namu daidai ƙarfinmu.

Ni kam abin ya shafe ni ta wata fuskar. Kakana daga ƙasar Katsina aka kawo shi a zamanin diban gwamna, tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta matsu da kuza don yaƙi, aka riƙa tattaro mutane daga larduna ana kawo su nan dole. Ya ɗauki ƙasa a kwanon sarki cikin sanyin da bai saba da shi ba, da aka sallame su kuma bai koma ba. Duk sanda na tsaya bakin ramin nan sai in ce watakila akwai kwanon da ya fito daga cikinsa a kan kakana.

Abin da muke so: filin ƙwallo, hanyar ƙafa da za ta zagaye dam, inuwa da benci, da shinge a gaɓar da ke da hatsari. A asusu akwai ₦2,300,000.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Mun je gaisuwa wurin hakimi tare da shugaban matasan Berom na unguwar sama da dattawan gidan da ƙasar take tasu tun kafin zuwan Turawa. Wannan shi ne tushen aikin, domin magana kan ƙasa a Filato ba a yi mata gaggawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba mallaka muka zo nema ba, aron wuri ne don yaranmu da naku." Aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu: ƙasa tana nan ta masu ita, ba gini, ba sayarwa, masu noman rani su ci gaba da jan ruwa da injinansu, a kuma bar mashayar shanu ta kudu a buɗe. Goro da kuɗin mota ₦18,000.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau tsarinmu ya birkice, kuma gara da ya birkice tun yanzu.

Wani malamin jami'a daga Jos, abokin yayana, ya zo da ɗalibansa biyu da na'urar auna tururin nan da ido ba ya gani, irin wanda wasu ma'adinai ke fitarwa. Mu duk tsoronmu ruwan ne. Shi kuwa da ya sauka daga mota ko kallon ruwan bai yi ba, sai ya ce, "Ina aka riƙa wanke kuzar?" Baba mai gadi, wanda ya yi aikin kamfanin kuza yana saurayi, ya kai mu arewa da dam inda har yanzu akwai guntun kankare da tsatsattsen bututu. Gefensa akwai shimfiɗar yashi mai nauyi, baƙi-baƙi da ɗan ruwan zuma, mai ƙyalli a rana. Daidai nan muka yi niyyar kafa ragar ƙwallo, saboda shi ne wuri mafi laushi, kuma nan yara ke kokawa da langa tun muna ƙanana.

A bakin hanya na'urar ta nuna 0.2, a kan tsibin jar ƙasa 0.2 zuwa 0.3. Da aka ɗora ta kan yashin nan sai ta fara ƙara babu ƙaƙƙautawa, ta haura 3, a wani lungu ta kusa 5. Ma'aunin maikrosibat ne a awa guda, haka ya sa na rubuta.

Malam ya zaunar da mu ya yi bayani. Kuza ba ita kaɗai take fitowa ba, tana zuwa da kwalambait da zarkon da monazait. Masu wanki suna ɗaukar abin da kasuwa ke so su zubar da saura, kuma cikin monazait ɗin akwai toriyom, ma'adinin da ke fitar da tururin nan, wanda sai ya shekara biliyan 14 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Wato babu zancen a jira ya huce. Ya ce wanda ya ratsa ya wuce ba abin da zai same shi, matsalar ita ce yaron da zai wuni a kai kullum, ya shaƙi ƙurar, ya kai hannu baki. Na tambaye shi, "Malam, to mu da muka girma a kai fa?" Ya ce abin da ya wuce ba ya dawowa, a tsare na baya. Da Baba ya gaya masa cewa ana ɗibar yashin a yi yaɓen ɗaki, mata kuma suna suyar gyaɗa da shi saboda yana riƙe zafi, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce wannan ya fi filin ƙwallon damunsa.

Shawararsa: kada mu kwashe, don ba mu da inda za mu kai, kuma kwasa tana tayar da ƙura. A binne shi inda yake da ƙasa mai tsabta, kaurin rabin mita, a dasa ciyawa a kai, a matsar da filin ƙwallo yamma. Sun ɗebi ruwa da ƙasa a kwalabe don gwaji. Mota, abinci da kuɗin gwaji ₦110,000.

Na dawo gida na daɗe ina kallon bangon ɗakin mahaifiyata.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Mun kafa turaku, mun zagaye yashin da igiya. Tsawo mita 30, faɗi 20. An yi sanarwa a masallaci, shugaban matasan unguwar sama ya ce za a yi a coci ranar Lahadi. Turaku, igiya, fenti da takunkumi ₦27,000.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma daga asuba zuwa ƙarfe goma. Sharar fili kawai da cire kwalabe da ƙarafa.

Alhamis, 13 ga Maris

An yi taro mai zafi bayan tarawihi. Wani dillali ya zo ya ce zai sayi yashin buhu-buhu, domin yanzu monazait yana da kasuwa a Jos. Wasu daga cikinmu suka ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama: a rabu da guba, a samu kuɗin aiki. Maganarsu ba ta banza ba ce, kuma na san halin da ake ciki. Tun da gwamnan jiha ya dakatar da haƙar ma'adinai a watan jiya, samarin da ke cin abinci a ramukan loto, wato ramukan haƙar kuza da hannu, suna zaune ba sisi.

Na ƙi, kuma ga dalilina. Dillalin ba duka zai kwashe ba, tacewa zai yi a wurin, ya ɗauki mai nauyin ya bar mana saura a warwatse. Masu tacewar kuma ƙannenmu ne da matan unguwa, da rariya da kwano, cikin iskar rani, ba takunkumi. Ga dokar dakatarwa, ga takardar da muka sa wa hannu gaban hakimi. Kawuna, wanda shi ne uban ƙungiya, ya saurari kowa sannan ya ce, "Ku 'ya'yana, abin da aka haƙa aka bar mana shekara da shekaru muna kuka da shi, yau kuma mu da hannunmu za mu sake tona shi?" Aka kaɗa ƙuri'a, 19 suka ce a binne, 11 suka ce a sayar. Mutum huɗu sun ce sun bar aikin. Raina bai so ba, biyu daga cikinsu su suka fi kowa ƙwazo.

Talata da Laraba, 18 da 19 ga Maris

Katafila ta zo. Da za mu sayi ƙasar rufi daga waje, tifa sittin muke buƙata, kuɗinmu ba zai kai ba. Amma tunda na'ura ta nuna tsibin jar ƙasar nan ba shi da matsala, sai muka ce a tura shi kan yashin. Abin da Turawa suka tara shi zai rufe abin da suka zubar. Kafin ta fara, masu noman kabeji suka ara mana injin ban ruwa muka jiƙe yashin sharkaf don kada ƙura ta tashi. Kowa da takunkumi, yara kuma an kore su nesa.

Ranar farko lafiya lau. Ranar ta biyu wajen sha ɗaya, direba yana baje wurin da zai zama filin ƙwallo, sai ƙasa ta burma ƙarƙashin sarƙar hagu, katafila ta karkace kamar za ta kife. Tsohon ramin loto ne da ciyawa ta rufe bakinsa. Masu loto suna haƙa rijiya ne siririya, in sun kai ga kuza sai su bi ta a kwance ta ƙarƙashin ƙasa, don haka abin da ake gani a sama ba shi ne girman ramin ba. Allah ya kiyaye, direba ya diro ba ko ƙwarzane. Sai bayan la'asar aka fitar da ita da taimakon wata babbar mota da sarƙa.

Kuskurenmu ne. Mun auna tururi, mun manta ba mu tambayi masu loto inda ramukansu suke ba. Da daddare na je gidan ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka yi fushi, na ce masa, "Ɗan'uwa, ba wanda ya san ƙarƙashin filin nan kamarka, ka taimake mu." Bai ce komai ba, amma da safe na same shi a wurin da sanda yana soka ƙasa. Ya nuna mana ramuka bakwai, uku a cikin filin ƙwallon kansa.

Hayar katafila kwana biyu ₦700,000. Motar da ta ɗauko ta ₦150,000. Dizal lita 200, ₦230,000. Fitar da ita daga rami ₦90,000.

Talata, 25 ga Maris

Cike ramukan loto: dutse a ƙasa, tsakuwa, sannan jar ƙasa ana daɓewa. Tifa uku ta dutse ₦120,000. Biyu daga cikin ramukan sun shanye dutse sun ƙi cika, mun kewaye su da ƙaya, mun sake matsar da filin taku goma sha biyar.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha Sallah lafiya. Sakamakon gwaji ya zo: Malam ya ce ruwan ya yi ban ruwa da shayar da dabbobi, amma kada mutum ya sha. Ƙasar tsibin kuma tana da tsami, ba ta da abincin shuka, sai an ba ta taki sosai.

Mun haɗa durom huɗu da katako muka shiga dam da igiya da dutse. Taku biyar daga gaɓar gabas igiya ta tafi mita 6. A tsakiya mita 14. Wannan shi ne sharrin ramin kuza, ba ya gangarawa a hankali kamar tafki, yanke yake kamar rijiya, ruwan ƙasansa sanyi ƙarara, ga laka mai riƙe ƙafa. Shekarun baya ya ci ɗan maƙwabcinmu da ya je wanka da abokansa, kuma ina cikin waɗanda suka kwana bakin ruwan ana nema. Wasu sun so a ware gefe guda don iyo. Na ce muddin ina riƙe da littafin nan ba zan rubuta haka ba, aka kuwa amince. Alluna huɗu na gargaɗi da Hausa da Berom da Turanci, da zane don wanda bai iya karatu ba, ₦45,000.

Laraba, 16 ga Afrilu

Mun tsayar da aiki saboda hare-haren da aka kai a Bokkos da Bassa. Nan lafiya, amma zukata ba a kwance suke ba, dattawan ɓangarorin biyu suka ce kada samari su riƙa taruwa a bayan gari. Ni da shugaban matasan unguwar sama muna waya kullum da yamma. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan abu.

Damuwata ita ce ruwa ya fara sauka, rufin kuma tsirara yake, ko ciyawa ɗaya babu.

Talata, 6 ga Mayu

Abin da nake tsoro ya faru. Daren jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, fiye da awa biyu, har da ƙanƙara. Da gari ya waye na tarar ruwan da ya gangaro daga ragowar tsibin ya tsaga rufin gida biyu, ya yi kwazazzabo mai zurfin gwiwa, tsawon kusan mita 18. Baƙin yashin ya fito fili, wani ma ruwa ya ja shi ya shimfiɗa a kan hanyar da mata ke bi zuwa lambu.

Na zauna kan dutse na rasa abin da zan ce. Fiye da rabin kuɗinmu yana cikin rufin nan.

Da muka bi sawun ruwan sai muka gane inda muka yi sake. Katafila ta yanki tsibin ta bar shi a tsaye kamar bango, mu kuma ba mu yi magudana a gindinsa ba, duk ruwan da ya sauka a kansa sai ya tattaru ya faɗo wuri guda. Kuma jar ƙasar ba ta daɓu ba, tunda a rani aka zuba ta a bushe. Wani dattijo manomin dankalin Turawa daga unguwar sama, da ya zo duba ɓarnar, ya ce mini, "Yarona, ruwan Filato ba a tare shi, hanya ake ba shi." Shi ya zana mana da sandarsa inda magudanar za ta bi ta zagaye rufin ta faɗa dam ta kan duwatsu.

Na kira Malam. Ya ce a kwashe wanda ya zuba kan hanya tun yana jiƙe, da shebur, a mayar cikin kwazazzabon, a kankare har da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa, a wanke hannu da ƙafa kafin a ci abinci. Haka muka yi har magariba. Mutum 26 suka fito, har da uku cikin huɗun da suka tafi.

Asabar, 10 ga Mayu

Kwana huɗu muna abu ɗaya. An haƙa magudana mai tsawon mita 45, an jera mata dutse. An toshe kwazazzabon da buhunan ƙasa 200, aka zuba jar ƙasa tifa shida, aka daɓe da turmi da gungume. Buhuna ₦50,000, ƙasa ₦192,000, leburori ₦60,000.

Yau muka fara dasa jema layi-layi a kwance, tsakanin kowane layi taku biyu. Na zaɓe ta ne saboda saiwarta ƙasa take nutsawa ta riƙe, ba ta yaɗuwa ta cinye wuri, kuma in ta yi kauri tana tace ƙasar da ruwa ya ɗauko. A kan rufin kansa ba za a dasa bishiya ko ɗaya ba, don saiwa za ta huda shi, in iska ta tumɓuke ta kuma ta fito da abin da muka binne.

An yi gardama kan bishiyar turare. Ita aka saba gani a tsofaffin filayen kuza, tun zamanin da hukuma ta riƙa dasa ta don gyaran wuraren da aka haƙa, kuma gaskiya tana jure ƙasar da ba abin da ke tsira. Amma duk wanda ya shiga ƙarƙashinta ya san ba ciyawar kirki a wurin, ga shan ruwa. Masu lambu suka ce ba sa son ta kusa da su. Mun tsaya kan mangwaro da fiya da gwaiba a gefen hanyar ƙafa, kowace a rami mai faɗi da aka cika da taki da baƙar ƙasa daga waje. Jema da dashe 60, ₦85,000.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ruwa uku masu ƙarfi, magudana ta riƙe. Jema ta kama, sai layi biyu da awaki suka tumɓuke. An sake dasawa.

Litinin, 9 ga Yuni

Ranar Babbar Sallah bayan an sauko idi 'yan'uwa da suka zo gida suka zagaya wurin, aka tara ₦210,000 nan take. Allah ya saka da alheri.

Filin ƙwallo: mun bi bakin rafi mun ɗebo kirikiri kyauta, mun dasa bayan an baje takin shanu da na kaji na ₦40,000. Fulanin da ke shayarwa a kudu sun ba mu buhu goma na taki ba su karɓi ko kwabo ba, mu kuma mun gyara musu gangaren mashaya da ragowar dutse. Yara sun matsu su fara buga ƙwallo, har sun kafa duwatsu a matsayin raga. Na roƙe su su ba ciyawar wata biyu. Baba mai gadi ya ce shi zai riƙa korarsu, amma na ga jiya shi ne ke riƙe musu takalma.

A gaɓar gabas mai zurfi mun dasa ƙerana, irin shingen da Berom ke kewaye gonakinsu da shi tun kaka da kakanni. Wata uwa ta ja hankalinmu cewa ruwan ƙerana yana ɓata ido in ya shiga, don haka mun tsayar da ita a gaɓar kawai, nesa da filin wasa, sauran wurin kuma waya za a sa in kuɗi ya samu.

Asabar, 28 ga Yuni

Malam ya dawo da na'urarsa. A kan rufin ta nuna 0.3 zuwa 0.4 kusan ko'ina, inda a da take haura 3. A kusurwar arewa maso gabas ta nuna 0.9, ya soka ƙarfe ya ga kaurin ƙasar wurin bai kai taƙi guda ba. Hanyar lambu da muka kankare ta koma daidai da sauran gari. Filin ƙwallo 0.2. Ya ce rufin nan ba abin da za a gama a manta ba ne, duk ƙarshen damina sai an duba shi, kuma a rubuta a takardar hakimi cewa ba haƙa, ba noma, ba gini a kansa har abada. Mota da abinci ₦35,000.

Kafin ya tafi na roƙe shi ya shiga cikin gari. Mun auna ɗakuna tara da aka yi wa yaɓe da yashin. Shida ba su da wani bambanci da waje, uku sun ɗaga, ɗaya daga ciki na mahaifiyata ne. Ya ce ba abin tashin hankali ba ne na a fita yau, amma a kankare yaɓen a jiƙe, a kai shi kusurwar da za mu ƙara wa ƙasa a binne tare, a sake sabon yaɓe da yashin rafi. Na gaya wa Inna, ta ce, "To, ɗan nan, sai ka bari a cire amfanin gona tukuna." Na ce mata ɗaki ɗaya ne, kwana uku ya isa, za ta kwana wurin ƙanwata.

Lissafi zuwa yau: abin da ya shigo ₦2,510,000, abin da ya fita ₦1,952,000, saura ₦558,000.

Na watan Yuli: tifa huɗu ta jar ƙasa don kusurwar arewa maso gabas, yaɓen ɗakuna ukun nan, maye gurbin dashe 11 da suka mutu, sai a koma wurin hakimi a ƙara sharaɗin rufin a takarda. Benci da waya sai bayan damina. Gobe da yamma za mu zauna da mata masu suyar gyaɗa, na riga na yi magana da mai tifa ya sauke musu yashin rafi a bakin kasuwa.